Balkisa, Kar Ki Ce Musu Da Sauƙi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Balkisa ɗiyata, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Yamai lafiya, kin iske gwaggonki Aisa da mutanen gidanta lafiya lau. Allah ya sa motar ba ta jijjiga miki ƙashi ba, ya sa kin sha ruwa a hanya kamar yadda na yi ta nanata miki har kika fara yi mini kallon tsohuwar da ta rikice. Allah ya tsare ki a shigarki da fitarki, ya haɗa ki da hannu nagari.

Na san za ki yi dariya in kin tsinci takardar nan a ƙarƙashin ledar busasshen zogale. Kin san ni da baki. A kasuwa ba a haifi mai cina da magana ba tukuna. Amma in na zo gabanki da abin da ke raina, da na buɗe baki sai ya koma, "Kin ɗauki rigar sanyi?" Shi ya sa na zauna a inuwar bishiyar bedin tsakar gida bayan azahar, kina can wajen sallama da ƙawayenki, na ɗauko rubutuna na 'yar lakwal da karatun bokonta ya tsaya a hanya. In kin ga harafi ya karkace, ki miƙe shi da kanki.

Bari in kira abin da sunansa, tunda a gida kullum kewaye shi muke yi. Kin tafi ki shiga gwajin sabon maganin amosanin jini, ciwon da kike fama da shi tun kina goye. Watanni za ki yi can. Maganin bai shiga kasuwa ba, babu farmasin da ke sayar da shi, su kansu masu shi ba su gama sanin halinsa ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma fatan da ke raina ya fi tsoron yawa, kuma rabon da in ji haka a kan ciwon nan har na manta.

Kin tuna ranar da kika fara kawo mini maganar? Ina ninke atamfofin da zan fita da su, kika ce likitarki ta yi miki zancen wani gwaji. Ban bar ki kin kai ƙarshe ba. Na ce, "Gwaji? A jikin wa? Ɗiyata ba ɓera ba ce!" har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Washegari na yafa gyale na bi ki asibitin da niyyar in wanke matar nan tas. A kan babur ɗin kabu-kabu ma shirya kalmomin da zan jefe ta da su nake ta yi.

Na same ta 'yar siririya mai tabarau, ba ta girme ki da yawa ba. Ta bar ni na zazzage kayana kaf, ta miƙo mini ruwa, sannan ta ce, "Inna, kin yi daidai da kika ji tsoro. An taɓa yi wa mutane gwaji ba da saninsu ba, shi ya sa aka kafa dokoki a kai. Zauna in gaya miki komai, in kin ji bai kwanta miki ba, ki faɗa."

Ta ɗauki biro ta zana ƙwayar jini, kewayayya. Ta ce ta mai lafiya taushi gare ta, tana matsewa ta wuce ta jijiyar da ta fi gashin kai sirantaka. Taki kuwa, in iskar da ke cikin jini ta yi kaɗan, ko ruwan jiki ya ragu, ko sanyi ya kama ki, sai abin da ke cikinta ya daskare, ta lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri. Sai su maƙale wa juna a hanya, yadda 'yan kabu-kabu ke cushewa a bakin babbar kasuwa ranar Juma'a. Duk inda jini bai kai ba, nan ciwon ke tashi. Shekaru ina jinyarki, Balkisa, ba wanda ya taɓa zama ya zana mini abin da ke cin ki sai ranar.

Sai ta tambaye ni, "Inna, da aka haife ta, nan da nan ta fara ciwo?"

Na ce ina! Ai ɓul-ɓul kike, kowa na son ɗauka. Sai da kika fara zama hannuwanki da ƙafafunki suka kumbura, kika kama kukan da ba ya tsayawa.

Ta gyaɗa kai. Ta ce kowane jariri da wani irin jini yake zuwa daga ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Bayan 'yan watanni sai jiki ya daina yin sa, ya koma yin na manya, kuma a wurinki na manyan ne ke da matsalar. Sabon maganin nan ƙoƙarinsa ya tashi jiki ya sake yin wancan jinin na jarirai, ko da kaɗan ne, ya gauraya da naki ya hana ƙwayoyin lanƙwashewa. Wanda kike sha yanzu ma ta wannan hanya yake bi, sai dai ba kowa yake wadatarwa ba, kamar yadda muka gani a kanki. Ta ce akwai wasu da ake gwadawa a wurare daban-daban, kowane da tasa hanya: wani hana ƙwayoyin manne wa jikin jijiya yake yi, wani ƙara musu ƙarfi yake don kar su mutu da wuri.

Ni fa duk shekarun nan bakin wata mata nake zargi, wadda ta yaba ƙibarki a gidan suna ba ta ce tubarkalla ba. Baiwar Allah har ta bar unguwar ban ƙara sakar mata fuska ba. Ashe lokacin jinin ne kawai ya yi. Don haka shawarata ta farko, wadda na saya da kunyata: ki saurari magana har ƙarshe kafin ki ɗauko taki. Kin gado bakina, na sani, ko da yake ke kina da birki.

Ta kuma gaya mini hanyar da magani ke bi kafin ya iso wajen irinki. Da farko a ɗakin bincike ake gwada shi, cikin kwalabe. In ya nuna alama a koma kan dabbobi, to nan ɓerayen nawa suka shigo, har ita ma sai da ta yi murmushi. Daga nan a ba mutane 'yan kaɗan, a fara da ɗan mitsitsi ana ƙarawa, don a ga iyakar abin da jiki zai ɗauka. Sai a ba wasu masu ciwon a ga ko akwai alamar amfani, kuma nawa ya kamata a sha. Wanda ya tsallake duk wannan shi ne ake kaiwa mataki na uku, inda ake ba mutane da yawa a ƙasashe daban-daban, kuma nan ne za ki shiga. Ta ce mafi yawan magunguna a hanya suke faɗuwa, ba su kai inda wannan ya kai ba.

Na ce, "To yana aiki ke nan?"

Ta ce, "Ba mu sani ba, Inna. Muna da dalilin sa rai. Amma da mun sani, da ba gwaji ba ne."

Wallahi nan ta kama ni. Ni da na tsufa a sayar da atamfa, na san mai kaya ba ya cewa bai sani ba. Ko wadda za ta zuba a wankin farko, cewa muke, "Hajiya, wannan sai dai ki gaji da ita." Mun sha zuwa wajen masu magani da ke, kowa cewa yake an gama, kwana kaɗan ki tashi. Wannan ce ta farko da ta dube ni ta ce ba ta sani ba, kuma ita ce ta farko da na yarda da ita.

Ki riƙe wannan. Can za su yi miki bayani da faransanci, kuma kin fi ni jin sa nesa ba kusa ba, amma faransancin likitoci wani yare ne daban. Kar ki ce "to" a kan abin da ba ki gane ba. Mu "to" ɗinmu ta na ji ce, su kuwa na yarda suke ɗaukarta. Ki sa su maimaita, ki sa su faɗa da Hausa, in babu mai ji a nemo. Kuma likitar ta faɗa a gabana da gaban babanki cewa duk ranar da kika ga ba za ki iya ba, kina da ikon fita, ba mai riƙe ki, ba kuma za a daina duba ki ba. In ranar ta zo kar kunya ta hana ki. Ɗakinki na nan, kekenki na ɗinki na nan na rufe shi da zane.

A zuwanmu na biyu, ni da babanki, na sake tayar da ƙura. Nan ne ta ce ba kowa za a ba ainihin maganin ba. Wasu za a ba su ƙwaya mai kama da shi sak, launi ɗaya, girma ɗaya, amma ba komai a ciki, kowa kuma ya ci gaba da shan tsohon maganinsa. Na'ura ce ke jefa ƙuri'ar wanda zai samu wanne. Ke ba za ki sani ba, likitan da ke duba ki ma ba zai sani ba, sai dai in wani haɗari ya taso, akwai masu ikon buɗewa su duba.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Au, ɗiyata ta bar gidan ubanta ta tafi har Yamai ta sha gari?"

Ban ankara ba sai na ji babanki yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Hajara, zauna. Don irinki aka rufe musu ido."

Ba ki san labarin ba, kina ƙarama lokacin. Wata shekara malaman gona suka kawo wa masu garka a Jiratawa sabon irin tumatir. Suka ce babanki ya raba garkarsa biyu, gefe guda sabo, gefe guda tsohon da ya saba, ya yi musu komai daidai wa daida, a ga wanda zai fi. To ni sai sabon ya shiga raina. Duk ranar da zan kai masa abinci sai in ɗebi takin awakina a buhu in zuba wa gefen sabon shi kaɗai, ina lallaɓa shi kamar ɗan auta. Da aka zo ɗiba, sabon ya yi 'ya'ya har rassan na taɓa ƙasa. Malamin gonar ya zo yana murna, babanki kuma cikin alfahari ya ce masa, "Ai maiɗakina ce ke ba shi takin awaki." Bawan Allah ya ɗora hannu biyu a ka. Aikin shekara ya tashi a banza, don ba wanda zai iya cewa irin ne ya yi ko awakina. Har yau in babanki ya ga tumatir mai kyau a kasuwa cewa yake, "Wannan irin Hajara ne."

Da babanki ya ba ta labarin, likitar ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce haka zuciyar mutum take, har tasu. In likita ya san wa ya samu sabon, zai fi lallaɓa shi ko bai yi niyya ba, in mara lafiya ya sani, zai ji sauƙin da ƙila ba na maganin ba ne.

Saboda haka, ɗiyata, zai yiwu ƙuri'arki ta faɗa kan wanda ba komai a ciki. Na yi kwanaki ina kokawa da wannan kafin ya kwanta mini. In haka ta faru ba a cuce ki ba. Gefen tsohon iri shi ke nuna ko sabon ya yi wani abu, kuma duba ki za a riƙa yi fiye da yadda aka taɓa yi a rayuwarki. Kar ki tsaya lasar ƙwaya kina neman ɗaci, kar ku haɗa kai da sauran kuna gwada naku da na juna. Sannan na san ki da kyauta. A layinmu in kan wata na ciwo, ɓallo mata ake daga na gida, haka muka tashi. Can in kika ga wata tana murƙususu, kika raya a ranki naki ne mai kyan, kar ki ba ta ko rabi. Ki riƙe mata hannu, ki kira mata likita.

Yanzu ki buɗe aljihun gefe na jakarki. Akwai ƙullin sassaƙen magani cikin baƙar leda. Kakarki ce ta sa shi shekaranjiya da ta zo daga Tsibiri, tana zaton ban gan ta ba. Da na yi magana ta ce, "Ke Hajara, hita idona. Lokotoro shi yi nashi, mu yi namu." Kin san ta, ko sarki ba ya juya ta. Ƙauna ce ta sa, tun asuba ta aika aka saro mata shi.

Kar ki jefar, amma kar ki jiƙa. Ki kai wa likitocin su gani. Ni na taɓa yin akasin haka. Lokacin da aka fara ba ki maganin da kike sha yanzu, na riƙa haɗa miki da wani jiƙo a ɓoye, ina cewa hannu biyu ya fi ɗaya. Da kika kama amai idanunki suka yi rawaya fiye da yadda suka saba, likita ya tambaye ni ko kina shan wani abu, na ce a'a, don kar ya yi mini faɗa a gaban mutane. Sai suka ɗora wa nasu laifin suka tsayar da shi, kika yi watanni ba shi, ciwon ya yi ta tashi. Har yau ban san wanne ne ya yi ɓarnar ba, su ma ba su sani ba, kuma ni na jawo. Duk abin da zai shiga bakinki da sunan magani ki faɗa musu, har zogalen nan da na cusa miki. Kakarki kuma ki kira ta ki ce saƙo ya iso, kina godiya. Ba ƙarya kika yi ba.

To, duk waɗannan share fage ne. Ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Kina 'yar shekara bakwai ko takwas, cikin damina, ciwon ya kwantar da ke a ɗakina. Mata suka zo dubiya, ɗaki ya cika, har da manyan unguwa. Ɗaya ta sunkuyo ta ce, "Balkisa, yaya jiki?"

Kika ce, "Da zafi. Kamar ana sara mini ƙafa."

Wata ta ce, "Ikon Allah, yaran yanzu ba haƙuri." Kunya ta rufe ni kamar in nutse. Da suka fita na zauna bakin gadon na kama kunnenki, ba da ƙarfi ba, na ce, "Ba a cewa haka. Ko mutuwa mutum yake yi, da sauƙi ake cewa. Kin ji ko?" Kika dube ni da jajayen idanunki kika ce, "To, Inna."

Tun daga ranar ban ƙara jin wata amsa daga bakinki ba. Kina cije leɓe, da sauƙi. Kina riƙe da ƙarfen gado har yatsunki su yi fari, da sauƙi. Mutane suka sa miki suna Balkisa mai haƙuri, ni kuma ina jin daɗi, ina cewa tarbiyyata ce. Ba ni na ƙirƙiro ta ba, haka muka taras. Mahaifina ranar da zai cika, da safe aka gaishe shi ya ce da sauƙi. Magana ce mai kyau a wurinta, godiya ce ga Allah, kuma ba ka ɗora wa mai dubiya kayan da ba zai iya ɗauka ba. Abin da ban koya miki ba shi ne akwai wurin da ba nata ba.

Kin san sauran, amma ba ki san yadda na gan shi ba. Kina budurwa aka kwantar da ke a asibiti, ana ƙara miki ruwa. Likitan wani saurayi ne, ba Bahaushe ba, a bakin marasa lafiya ya tsinci Hausarsa. Ya zo zagaye ya ce, "Yaya jiki?" Kika ce da sauƙi. Washegari ya sake tambaya, kika sake faɗa. Ya yi murna ya sallame mu. Na ga yadda kike jan numfashi guntu-guntu, amma ni ma so nake ta zama gaskiya, sai na naɗe tabarmata. Ba mu kai gida ba. Muna kan kabu-kabu, kina tsakanina da mai tuƙin, na ji kin saki jiki gaba ɗaya kanki ya faɗo kafaɗata. Muka juya ina salati da ƙarfi a tsakiyar titi. Ciwon ya riga ya hau ƙirji, sai da aka ƙara miki jini, aka yi kwanaki ba a san inda za ki faɗa ba.

Likitan ya same ni a baranda, fuskarsa kamar zai yi kuka. Ya ce, "Amma Mama, ta ce da sauƙi!"

Maganata ce ya maimaita mini, wadda na sa miki a kunne da hannuna. Da kika warke na yi niyyar in yi miki zancen, sai na ga kin tashi kina dariya, na ce a bar shi ya wuce. Haka na yi ta barin sa har yau.

Likitar gwajin nan, da za mu fito, ta riƙe ni a bakin ƙofa ta ce, "Inna, ni 'yar garin nan ce. Abin da na fi tsoro a aikin nan ba maganin ba ne, kalmar nan ce tamu." Ta ce awon jini yana nuna musu abubuwa da yawa, amma babu na'urar da ke auna zafin da mutum ke ji, sai ya faɗa. Za su riƙa tambayarki ina ne, tun yaushe, ya kai yaya. Ciwon kai, ƙaiƙayi, jiri, rashin barci, canjin al'ada, duk abin da kike ganin bai kai a faɗa ba, so suke su ji. Ana tattara na kowa da kowa, kuma akwai wani kwamiti daban, ba na masu maganin ba, da ke dubawa lokaci-lokaci. In suka ga yana cutarwa, su tsayar da gwajin. Ta ce an taɓa samun maganin wannan ciwon da har ya shiga kasuwa, daga baya aka ga illarsa aka janye shi. In duk waɗanda ke cikin gwaji suka ce da sauƙi, mugun magani zai wuce a kai wa 'ya'yan mutane, nagari kuma ba za a iya bambanta shi da garin da ba komai a ciki ba.

Wannan na mutane ne. Nawa kuma, ni uwarki, ya fi wannan gajarta. Can ba ni kusa da zan ga kina cije leɓe. Gwaggonki ba ta san yadda numfashinki ke canzawa ba, likitocin ba su san ki ba. Bakinki kaɗai gare su. In kika ji zazzaɓi, ko ƙirji ya riƙe, ko wani abu da ba ki saba ji ba, ki faɗa a lokacin, kar ki jira a tambaye ki, kar ki ce bari a gama da na gabana. Ba raki ba ne, ba rashin tawakkali ba ne. Na juya abin a raina ta kowace fuska, na ga "alhamdu lillahi" da "da zafi" suna shiga baki ɗaya ba tare da sun ture juna ba. Ki faɗe su tare.

Kar ki ga na cika takarda da tsoro ki zaci a karye nake. A'a wallahi. Lokacin da aka gane ciwonki, wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce kar in sa rai da yawa, irinku ba su daɗewa. Ga ki nan yau, kin yi karatunki, kin buɗe shagonki, amaren unguwa na layi a ƙofarki, har kina yi mini gyaran lissafi. Kafin nan ko sunan ciwon ba mu sani ba. Yanzu ana auna jini kafin aure, akwai maganin da ya rage miki kwanciya, ga kuma mutane a ƙasashen da ban san sunansu ba sun duƙufa suna neman wanda ya fi shi. Ƙila wannan ne. Ƙila ba shi ba ne, na bayansa ne, kuma daga inda wannan ya tsaya zai tashi. Ko ta yaya ta kaya, in na ga matan nan masu goyo da muke haɗuwa da su a layin asibiti, jariransu da kumburarrun hannuwa, sai in ji kaina ya ɗaukaka cewa ɗiyata na cikin masu share musu hanya. Babanki ba zai faɗa miki ba, kin san shi, amma duk Jiratawa ba garkar da bai tsaya ya ba da labarinki ba.

Jiya da kina ɗaure kaya na ga kin dafe ƙugu kin tsaya. Na ce, "Yaya jikin?" Kika juyo da murmushin nan naki kika ce, "Da sauƙi, Inna." Na shiga madafa na zauna, ba abin da na ɗora.

Ni na ba ki kalmar nan, Balkisa, yau na karɓe abata. Ki bar wa masu dubiya ita in kin ga dama, su hakkinsu ne. Amma ban da likitocinki, ban da ni. In na kira ki na ce yaya jiki, ki gaya mini yadda yake. In sara ne ki ce sara ne. Zan iya ɗauka, na fi yadda kike zato ƙarfi, kuma ba zan ƙara kama miki kunne ba.

Bari ma in fara, don kar ki ce na ɗora miki abin da ban iya ba. In kin kira kika ce, "Inna, yaya gida?" ba zan ce lafiya lau ba. Tun ba ki tafi ba gidan ya yi mini faɗi. Na san gobe zan zuba tuwo kwano uku in mayar da ɗaya. Babu sauƙi, ɗiyata, kewarki nake ji tun kina ɗakin nan kusa da ni.

Ina so mu yi haka ne saboda ranar da nake jira. Wata rana zan kira, in tambaye ki, ki ce mini, "Inna, da sauƙi," kuma a karon farko tun kina 'yar shekara bakwai in san gaskiya ce. Ranar zan yi guɗar da kakarki za ta jiyo daga Tsibiri.

Allah ya sa albarka a abin da za a ba ki, ya sa ya karɓe ki. Ya ba masu duba ki basira da tsoronsa, ya tsare ki daga illar da aka sani da wadda ba a sani ba. Allah ya kwana da ke ya tashi da ke, ya maido mini ke da ƙafafunki. Ki gaida gwaggonki da yaranta. Babanki na sa miki albarka. Ki sha ruwa.

Wassalam.

Innarki,
Hajara